Awaki 140,000 saboda kunkuru: gyara ne ko ɓarna?

Lawali: Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ya tsaya mini a rai tun jiya, na ce bari in kawo shi nan. Ina koya wa 'yan ajina yadda halittu ke ƙarewa daga doron ƙasa, sai muka zo kan tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado, can cikin tekun Fasifik. Nan ne ake da manyan kunkuru, ɗaya kan haura kilo 200, ya kuma yi shekara fiye da 100 a duniya. Masu jiragen ruwa da masunta suka riƙa sauke awaki a tsibiran don su sami nama in sun sake biyowa. A tsibirin Pinta awaki 3 kacal aka sauke a 1959, ba a cika shekara 20 ba suka kai wajen 40,000. A babban tsibirin Isabela suka cinye ciyawa, suka ɓare bawon itatuwa, kunkuru ya rasa abinci, ya rasa inuwar da yake fakewa da rani. Daga 1997 zuwa 2006 aka kashe awaki sama da 140,000 a tsibiran, da yawansu daga jirgi mai saukar ungulu aka harbe su. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ita akuyar me ta yi?" Na ba ta amsa, amma na ga ba ta gamsu ba. Ni a ganina aikin daidai ne. Ina son jin naku.

Alhaji Mamman: Wa alaikumussalam. Malam Lawali, sake faɗa mini adadin. 140,000? Naman fa?

Lawali: Mafi yawa nan aka bar shi ya ruɓe, Alhaji. Wuraren duwatsu ne masu aman wuta, ba hanyar mota.

Alhaji Mamman: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara 30 ina fataucin dabbobi tsakanin kasuwannin Tanut da Mirya da Maigatari, ban taɓa ganin awaki 140,000 wuri ɗaya ba. A ƙauyukanmu akuya ɗaya ita ce asusun mace. Ita ce kuɗin magani, ita ce kayan ɗakin 'yarta, ita ce abin da ake sayarwa a sayi tiyar hatsi in rumbu ya ƙare. Ka ce an harbe wannan dukiya daga sama an bar wa rana, saboda kunkurun da ba a ci, ba a tatsa, ba a hawa? Yarinyar nan ta fi mu gaskiya. Ni ban ga sunan da za a sa wa wannan ba sai almubazzaranci.

Sanusi: Baba Alhaji ya gama magana. Kuma a tambaya, wa ya fara cinye kunkurun? Turawa masu farautar ƙatuwar dabbar teku da ake kira whale ne suka riƙa loda su dubbai cikin jirage, don kunkuru na yin watanni ba ci ba sha bai mutu ba. Su suka cinye, su suka kawo awakin, yanzu kuma jikokinsu ke hawa jirgi suna harbi. Akuya ce kawai ba ta da mai tsaya mata.

Lawali: Sanusi, abin da ka faɗa game da masu jiragen gaskiya ne, ban musa ba. Kunkurun Pinta ma mutane ne suka kusan ƙarar da shi kafin awaki su zo. Guda ɗaya aka samu a 1971, namiji, ya zauna shi kaɗai har ya mutu a 2012, irinsa ya tafi ke nan har abada. To amma in laifin ɗan Adam ne, gyaran na wa? Akuya tana nan a kowace ƙasa ta duniya. Wannan kunkurun kuwa in ya ƙare a tsibirinsa, babu kasuwar da za ka je ka sayo wani.

Hajiya Rabi: Ni dai ban gane abu ɗaya ba. Mu nan muna da ɓera, muna da kyanwa, muna da dila, ga muzuru, amma zabi da fakara ba su ƙare ba. Me ya sa na tsibiri ba su iya kare kansu?

Nana: Inna Hajiya, tambayarki ita ce tushen maganar. Zabuwarmu tun kakanninta take tare da dila. Ta san ta ɓoye ƙwanta, ta san ta kwana bisa itace, ta san ta yi kururuwa in ta ga inuwa. Tsibirin da ke tsakiyar teku kuwa, mai fuka-fuki ne ke isa can, ko abin da ruwa ya kwaso. Dabba mai shayarwa da ke tafiya a ƙasa da wuya ta isa. A ƙasar Niyu Zilan kafin zuwan mutane, jemage ne kaɗai mai shayarwa a tudu. Saboda haka tsuntsayen can suka saba yin ƙwai a ƙasa ko cikin rami, wasu ma suka daina tashi gaba ɗaya. Ba su san tsoron abin da ke bin wari da dare ba.

Bari in ba ki misalin da ya hana ni barci ranar da na fara ganin bidiyonsa a makaranta. Akwai tsibirin Gof a kudancin tekun Atalantika. Wani babban tsuntsun teku da ake kira albatiros yana hayayyafa can, faɗin fuka-fukansa ya kai mita 3, ƙwai ɗaya tak yake yi, shi ma sai bayan shekara biyu. Kusu, irin ɗan ƙaramin nan na cikin ɗaki, ya shiga tsibirin ta jiragen ruwa. Da dare sai su hau ɗan tsuntsun da ya ninka su nauyi sau ɗaruruwa, su riƙa cin namansa yana raye. Yana zaune cikin sheƙa yana jiran iyayensa, bai ma san ya sare su ba. Kwana biyu, uku, ya mutu. An ƙiyasta ƙwai da 'ya'yan tsuntsaye wajen miliyan 2 ke tafiya haka kowace shekara a wannan tsibiri kaɗai. Wanda ya ce a ƙyale, to wannan ya zaɓa, ko bai sani ba.

Hajiya Rabi: Subhanallahi. Yana raye?

Nana: Yana raye, Inna.

Alhaji Mamman: 'Yata, a kan ɓera ba ni da ja. Maganata a kan akuya take. Allah gafarta Malam Habu, muna jiran ka.

Malam Habu: Ina biye da ku. Abin da na sani zan faɗa, Allah shi ne mafi sani. Ɓera yana cikin dabbobi biyar da hadisi ya halatta kashewa ko da mutum yana cikin harami, saboda ɓarnarsu. Wannan babu saɓani. Alƙur'ani kuma ya gaya mana dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. In al'umma ce, to ƙarewarta kacokan ba ƙaramin abu ba ne, balle a ce hannun mutum ne sanadi. Malamai suna da ƙa'ida cewa ana kawar da cuta, kuma in cuta biyu suka haɗu ana ɗaukar ƙaramar don a kauce wa babbar.

Amma a riƙe ɗaya gefen. Mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. An kuma umarce mu da kyautatawa ko a wajen kisa, a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. An hana tozarta dukiya. Don haka ni tambayoyina uku ne ga masu wannan aiki. An nemi wata hanya an rasa? An zaɓi kisan da ya fi sauƙin azaba? Abin da za a iya amfana da shi, an amfana? Inda aka cika waɗannan, ban ga laifi ba. Inda za a iya kwashe dabba da rai ko a yanka a ci, aka bar ta ta ruɓe don ganda, Alhaji yana da hujja.

Lawali: Allah ya saka da alheri, Malam. Kuma akwai inda aka yi yadda ka ce. A tsibirin Redonda na yankin Karibiyan, awakin da ke can 'yan kaɗan ne, wajen 60, sun cinye komai har yunwa na kashe su. A 2016 da 2017 aka kama su da rai, aka ɗauke su da jirgi zuwa tsibirin Antigwa. Ɓerayen aka sa wa guba. Dutsen da ya zama ƙeƙasasshe, cikin 'yan shekaru ya koma kore. A Jojiya ta Kudu kuma, tsibiri a kudancin tekun Atalantika, an yi wata irin barewar ƙasashen ƙanƙara da mutanen Nowe suka kai a 1911. Da za a kawar da su a 2013, makiyayan ƙabilar Sami aka ɗauko daga Nowe, suka kora garken cikin shinge, aka yanka, aka fitar da nama. Inda ƙasa ta yi wuyar kora ne aka harbe.

Alhaji Mamman: To ka gani. Da aka kira masu kiwo, ai an sami nama. Me ya hana a Galapagos?

Lawali: Girman wurin da yanayinsa. Arewacin Isabela ya haura hekta 400,000, ga dutse mai kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Kuma in ka bar wa mafarauta su riƙa ɗiba suna sayarwa, ba za su taɓa ƙarar da su ba, don sun zama abincinsu. Akuya kuwa ka san ta fi ni, Alhaji. In ka kashe 90 cikin 100, goman nan za su mayar da garken cikin 'yan shekaru. Wahalar duk tana kan na ƙarshe. Sai da suka yi dabara: a kama akuya, a yi mata aikin da ba za ta haihu ba, a ɗaura mata abin wuya mai aika sigina, a sake ta. Akuya ba ta zama ita kaɗai, za ta nemo 'yan uwanta duk inda suka ɓuya. A bi ta, a harbe sauran, a bar ta ta sake nema.

Alhaji Mamman: Wannan ya ƙara sosa mini rai. Da son zumuncinta aka ci amanarta.

Lawali: Ni ma bai yi mini daɗi ba, ba zan ɓoye ba.

Baba Isuhu: Ku ba tsoho wuri. Na yi aikin gandun daji shekara 32 kafin in huta, kuma abin da na fi tsoro a irin wannan aiki shi ne gaggawa. Ina yaro a ƙauyenmu, kura ta dami garke, aka zo aka sa guba cikin mushen jaki. Kura ta mutu, ba a ce ba. Amma da safe muka tarar da ungulaye zube kewaye da mushen, da dila, da karnukan gari biyu. Shekarun baya in an yi yanka a mahauta ungulu har ta hana ka wucewa. Yau yaro na iya girma a Damagaram bai ga guda goma tare ba. Ba guba kaɗai ta jawo ba, akwai masu kama su don magani, amma guba na ciki.

A tsibiran ma an yi garin neman gira an rasa ido. Tsibirin Mariyon na Afirka ta Kudu, kusu ya dami ma'aikatan tashar duba yanayi, sai suka kawo kyanwoyi 5 a 1949. Kyanwa ta ga tsuntsu cikin rami ya fi kusu sauƙin kamu. Kafin 1977 sun haura 3,000, suna cin tsuntsaye wajen 450,000 a shekara. Aka sa musu cuta, aka bi su da bindiga da tarko, sai 1991 aka gama da su. Kusun da aka kawo kyanwar dominsa yana nan, yanzu shi ke cin 'ya'yan albatiros.

Na Makwari kuma, tsibirin Ostireliya. Aka kashe kyanwa ta ƙarshe a 2000, ana murna. Ashe kyanwar na rage zomaye, ga cutar da aka sa wa zomayen tun da ta yi sanyi. Zomaye suka haura 100,000, suka aske tsaunuka, ƙasa ta riƙa zaftarewa. Dole aka sake sabon aiki, aka haɗa zomo da ɓera da kusu lokaci ɗaya a 2011, aka bi da karnuka shekaru, sai 2014 aka ce an gama. Tsuntsaye fiye da 2,000 suka mutu a aikin, galibi masu cin mushe. Ban ce kada a yi ba, ɗana Lawali. Cewa nake, kafin ka zare itace ɗaya daga rumfa, duba me ya jingina da shi.

Hajiya Rabi: Baba, ka taɓo inda ke mini ciwo. Magazata a Kasuwar Dole ɓera ya hana ni sakat, bara buhun wake nawa ya huda. Na sayi maganin ɓera wajen masu talla, baƙin gari cikin leda ba ko suna, na kai gida na sa a ɗakin ajiya. Kaji 7 na rasa, da kyanwar da jikata ke wasa da ita. Kwana biyu yarinyar ba ta ci abinci ba. Na gode Allah da ba ita ta ɗauka ba. To in ɗan ƙulli ya yi haka, wanda ake zubawa daga jirgi fa?

Nana: Allah ya kiyaye gaba, Inna. Don Allah kada ki sake sayen wanda ba shi da suna. Irin wannan mai kisa nan take, sau da yawa ba shi da makari. Wanda ake zubawa a tsibirai sunansa birodifakum, yana hana jini daskarewa ne, ɓera sai ya yi kwanaki kafin ya mutu. Da gangan aka zaɓi haka, don ɓera na da wayo, in ya ga ɗan uwansa ya ci ya faɗi nan take ba zai taɓa ba. Makarinsa bitamin K. Amma a matsayina na mai karatun likitan dabbobi ba zan ce mutuwar ba ta da wahala ba. Akwai wahala. Kuma gubar na daɗewa cikin hanta, duk abin da ya ci mushen ya ɗauka.

Shi ya sa ake zubawa da hunturu, lokacin da ɓera ke jin yunwa kuma yawancin tsuntsaye sun tafi teku. Ana rina ƙwayoyin kore ko shuɗi don kada tsuntsu ya yi sha'awa. Waɗanda ake tsoron za su ci, a kama su a tsare har gubar ta wuce. A Pinzon na Galapagos an tsare shahuna haka a 2012, duk da haka wasu sun mutu bayan an sake su, don sun ci ƙadangarun da suka ɗauki gubar. Amma a 2014 aka ga 'ya'yan kunkuru sun ƙyanƙyashe a daji sun rayu, abin da aka fi shekara 100 ba a gani ba a tsibirin, saboda ɓera na cinye su tun suna ƙwai. Gubar sau ɗaya ake zuba ta. Ɓeran kuwa kowace shekara yake ci.

Sanusi: Nawa ake kashewa?

Lawali: Na ɓerayen Jojiya ta Kudu ya ci wajen fam miliyan 10, ya haura sefa biliyan 7. Guba sama da ton 300, jirage 3, daga 2011 zuwa 2015. A 2018 aka tabbatar babu ɓera ko ɗaya. Akasarin kuɗin gudummawa ce aka tara.

Sanusi: Biliyan 7 don tsuntsu, mu kuwa a Damagaram da rani mata na kwana layin famfo. Kuma ko dabbar ce, ina tamu? Termit na nan cikin jiharmu.

Baba Isuhu: Wannan tambaya tana kan hanya, jikana. Gandun Termit da Tin Tumma an kafa shi a 2012, kusan murabba'in kilomita 97,000. Farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da Faransawa ke kira adaks, can na cikin wurare na ƙarshe da ta rage a daji. A ƙidayar 2016 guda 3 aka gani. Jimina da kakanninmu ke ado da gashinta, yau cikin shinge ake kiwonta a wurare irin su Kelle don kada irin ya ɓace. Amma namu ba ɓera ya ci su ba, bindiga ce da mota. Ka ga bambancin: tsibiri ruwa ya kewaye shi, in ka share ka tsare tashar jirgi, ya sharu. Sahara ba ta da ƙofa. Shi ya sa masu ba da kuɗi ke son tsibiri, don cikin goma kusan tara na yin nasara. Namu aikin ya fi wuya, kuma babu mai yi mana in ba mu fara ba. Gawon da ya dawo a Magariya da Matamai da Mirya, ai manoma ne suka bar shi ya tsiro a gonakinsu.

Nana: Baƙon ɓera ma muna da shi, Yaya Sanusi. Baƙin ɓeran nan mai dogon bindi ba ɗan ƙasa ba ne, asalinsa Asiya. Masu bincike sun same shi a kasuwanni da ɗakunan ajiya na Yamai, manyan motocin kaya ke kawo shi daga bakin teku.

Alhaji Mamman: Wata tambaya. Duk tsibiran nan ba kowa ciki? In da mutane da dabbobinsu fa, haka za a zo a zuba musu?

Lawali: Yawancinsu ba kowa. Inda akwai mutane abin ya fi tsauri. Tsibirin Lod Hawu na Ostireliya mutanensa wajen 400 ne. Ɓera ya shiga a 1918 da wani jirgi ya yi hatsari, ya ƙarar da irin tsuntsaye 5. Shekaru aka yi ana gardama, maƙwabci ya daina gaida maƙwabci, aka yi ƙuri'a, da ƙyar masu goyon baya suka rinjaya. Sai 2019 aka yi aikin, cikin gari ba a zuba daga sama ba, akwatuna aka jera. A 2021 aka sake ganin ɓeraye kusa da gidaje, aka bi su da karnuka aka gama da su. Wata kazar daji tasu da ba ta tashi, yanzu ta ninka sau da yawa. Kuma ba kullum ake dacewa ba. Gof ɗin da Nana ta ambata an zuba guba a 2021, watan Disamba kyamara ta ɗauki kusu ɗaya yana yawo. Duk wahalar ta koma baya.

Alhaji Mamman: To. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, tun da an tambaye su ba ni da ta cewa. Ɓera da kusu na sallama, kyanwa ma in ta zama ta daji. Awakin Galapagos dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Ko kashi ɗaya cikin goma a ce an yanka an yi kilishi an kai wa mabukata. Malam Lawali, in za ka koma wa yarinyar nan, kada ka gaya mata rabin magana. Ka faɗa mata 'ya'yan kunkurun da suka ƙyanƙyashe, ka kuma faɗa mata naman da aka bari a rana, da akuyar da aka sa ta nuna 'yan uwanta.

Lawali: Zan faɗa mata duka, Alhaji, har da cewa akuyar ba ta yi laifin komai ba, kai ta aka yi. Ina da su ranar Litinin. Baba Isuhu, ko za ka daure ka zo ka ba su labarin ungulayen nan da bakinka? Rabin ajin ba su taɓa ganin ungulu kusa ba.

Baba Isuhu: Zan zo in Allah ya kai mu. Ina da tsofaffin hotunan Termit, zan taho da su. Ƙarfe nawa kuke shiga?

Lawali: Ƙarfe 10, bayan hutun safe. Zan turo yaro da babur ya ɗauko ka.